Wasana Ya Fitar da Mai Jinyar Yayana Daga Ɗakinta

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu manya da ƙanana. Don Allah a ɓoye sunana. Kuma ina roƙon arziki, ku bari in kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. In zagi ne na riga ku, kullum da shi nake karyawa.

Ni tela ne a Sakkwato, shagona yana wajen Ƙofar Taramniya, na haura arba'in da biyar. Duk unguwa an san ni da barkwanci da ƙarin gishiri. In akuya ta tsallake kwata a gabana da hantsi, kafin la'asar ta zama raƙumi ya tsallake gulbi, har da shaidu. Rabin masu kawo mini ɗinki ba don na fi kowa iyawa suke zuwa ba, benci suke so su samu su yi dariya. Matata takan ce ko gidan gaisuwa aka je da ni sai an harare ni. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin aibi ba, ina ganin baiwa ce Allah ya ba ni, sai bana.

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, muna ce masa Yaya Malam. Malamin makaranta ne, yana zaune a Gawon Nama, mutum ne mai kamewa wanda in ya yi murmushi sau biyu a wata sai mu ce an yi shagali. Matarsa zan kira ta Hassi, ba sunanta ke nan ba. 'Yar manoma ce daga Kwalkwalawa, shekara ashirin da biyu suna tare. Kun dai san yadda ake tsakanin matar wa da ƙanin miji. A duk danginmu ni kaɗai ne ba ta jin kunyata. Gaban sauran tana durƙusawa, murya ƙasa-ƙasa, amma da na yi sallama sai ta ce, "Ga mijin banza nan ya zo, mai cin tuwo ba cefane." Ni kuma in ce, "Bakauya, yi haƙuri da tsohon nan, ni zan gaje ki." Haka muke tun tana amarya, shi Yaya Malam sai dai ya girgiza kai ya ci gaba da duba littafinsa.

Ciwon ya fara ne da ɗan ƙurji a gefen harshensa, muka ce zafi ne, muka ce goro ne ya yi masa yawa. Aka sha saiwa, aka kuskure da kanwa, ƙurji ya ƙi tafiya, ya zama gyambo. Da aka je asibiti aka yanki kaɗan aka auna, suka ce ciwon dajin baki ne. Aka yi masa tiyata aka cire wani sashe na harshen da gefen muƙamuƙi, daga baya aka shiga yi masa gashi da na'urar ƙona ciwon daji, mako bayan mako. Mutumin da ya shekara talatin yana karantar da yara da bakinsa ya koma sai dai ya rubuta a ɗan littafi ya nuna maka. Abinci ta roba a hanci. Hassi ce ke dama kunu ta tace shi har sau biyu, ta bari ya huce, ta zuƙa a sirinji ta ɗura a hankali. Ita ce ke wanke ramin da ke bakinsa da auduga da ruwan gishiri, ita ke canza tsumman da ke tare yawu a wuyansa, a wuni ban san sau nawa ba. Akwai wari, ba zan ɓoye muku ba. Ni da nake ƙaninsa in na shiga ɗakin minti goma sai in tuna ina da ɗinkin gaggawa. Ita kuwa wata biyar ta yi a cikin ɗakin nan.

Mu kuma dangi me muke yi? Mu cika kabu-kabu da mota mu je bayan la'asar, mu tsaya a kansa mu ce, "Ya mai jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Mu yi addu'a mu shafa, mu ajiye lemo da ayaba wanda shi ba zai iya ci ba, mu watse. Wa ya taɓa cewa, Hassi, ke ya jikinki? Wa ya taɓa cewa tashi ki je gida ki yi wanka ki kwanta, yau ni zan zauna? Akwai wata nas, dattijuwa, da ta taɓa tare ni a baranda ta ce, "Kai ne ƙaninsa? Ku riƙa karɓar matar nan. Mai jinya ma mara lafiya ce, gado ne kawai ba a ba ta ba." Kun san amsar da na ba ta? Na ce, "Hajiya, wannan da kike gani buhu bakwai take ɗauka a gonarsu, ƙarfe ce." Nas ɗin ba ta yi dariya ba. Na ce a raina wannan ba ta san wasa ba.

Ranar da abin ya faru wata Talata ce da azahar, a tsakiyar makonnin gashi. An shiga da shi, ita tana zaune a gindin dogonyaro a harabar asibitin. Na zo da balangu a takarda, don kaina ma na saya. Ta hango ni ta ce, "Mijin banza, yau dai an yi abin kai." Na miƙa mata. Ta waiga dama da hagu kamar ɓarauniya, ta fara ci da sauri. Ashe tun da aka yi masa aiki ba ta sa nama a baki ba, ba ta ma tauna komai a gabansa, kunyar ya ga tana tauna shi ba ya iyawa. Ragowar kunun da ta tace masa take sha. Tana cikin ci sai na ga hawaye na sauka cikin takardar.

Ta ce, "Tela, in gaya maka wata magana, ka riƙe?"

Na ce, "Cikina rijiya ne."

Ta ce, "Jiya ina wanke mashi baki amai yat taso mani. Na hita da gudu. Ya gane ni, Tela, idonai biyu. Da na dawo ya juya huska bango." Ta goge hanci da bakin mayafi. "Wani lokaci sai in ji ina son in tahi Kwalkwalawa, in shiga ɗakin Innata in kwanta kwana ukku, kada kowa ya kira sunana. Kwana ukku ɗai. Ni muguwa ce ko?"

Jama'a, matar nan ta duba dangin mijinta kaf, ta zaɓi ni, saboda ni ne wanda al'ada ta ba ta damar buɗe baki a gabansa. Ba ta da ƙawa a birni, ba za ta gaya wa 'ya'yanta ba, ba za ta ɗaga wa tsohuwarta hankali ba. Me ya kamata in ce? Ko yaro ya san amsar. In ce ba muguwa ba ce ke, gajiya ce, gobe ni zan wuni da shi. Amma ni ban iya zama da hawaye ba, in na ga mutum zai yi kuka jikina har ƙaiƙayi yake sai na sa shi dariya. Sai na ce, "Ke ma kin cika gaggawa. Ki ɗan ƙara haƙuri tsohon ya cika, in gaje ki, mu tafi Kwalkwalawar tare a mota mai sanyi." Ta ɗan yi dariya ta ce, "Allah ya shirye ka." Ta naɗe takardar, ta wanke hannu da baki sosai don kada ya ji ƙamshin nama, ta koma ciki. Na tafi ina jin na yi aikin lada.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Bayan an gama gashi an sallamo su, aka yi suna a babban gidanmu. Hassi ba ta zo ba, tana gida da mai jiki. Na shiga cikin gida gaida mata, suka ce Tela sai ka ba mu labari. Cikinsu akwai babbar yayarmu, Hajiya Babba, wadda tun farko ba ta so Yaya Malam ya auro 'yar ƙauye ba, a ganinta gidan malamai ya fi ƙarfin gidan masu garma. Wata ta ce, "Ai Hassi ta yi ƙoƙari." Sai shaiɗan ya hau harshena. Na ɗaura zanen wata a kai, na zauna a turmi, na kwaikwayi yadda take cin balangu tana waige-waige. Mata suka fara faɗuwa. Da na ga kasuwa ta buɗe sai na ƙara: na maƙale murya irin tata na ce, "Wayyo Tela, warin bakin yayanka ya kusa kashe ni, ni dai jira nike ya cika ka gaje ni mu tahi ƙauye." Maganata ce, ni na faɗe ta a gindin bishiyar nan, na ɗauke ta na saka a bakinta don labarin ya fi daɗi. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba. Hajiya Babba ta ce, "Haka tac ce?" Na ce, "Har da rantsuwa." Na fita na ci waina.

Ba a yi mako ba maganar ta isa kunnen Yaya Malam, kuma ba a matsayin wasa ta isa ba. Ku tuna halin da yake ciki. Mutum ne da ya daina duba madubi, yana rufe rabin fuskarsa da rawani ko a cikin ɗaki, kuma da idonsa ya ga ranar da ta fita da gudu. Me zai hana shi yarda? Ya daina karɓar kunu daga hannunta. Lokacin an cire robar hanci, ya fara haɗiya da ƙaramin cokali, in ta kawo sai ya ɗaga hannu ya nuna mata ƙofa. Hajiya Babba ta tattaro kayanta ta tare a gidan, ta ce ɗan'uwanta ba zai mutu a hannun mai jiran gawarsa ba.

Ya aika aka kira ni. Na same shi a kan darduma, ya rame har agogonsa na yawo a hannu. Ya ɗauki littafinsa ya rubuta, ya juyo mini: "Kai ka ji da kunnenka?" Hajiya Babba na tsaye bakin ƙofa. Ga dama Allah ya ba ni, kalma huɗu ta isa: ƙarya na yi, Yaya. Amma na hango kaina ina zama maƙaryaci gaban yayata, gaban matan da suka yi dariya, gaban mutumin da ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu ya kai ni koyon ɗinki. Sai na yi 'yar dariya na ce, "Kai Yaya, ka san mata da magana, a bar shi kawai." Ya daɗe yana kallona. Ya rufe littafin. Washegari ya rubuta mata, "Ki je gida ki huta sai na neme ki." Kun san abin da wannan ke nufi a wurinmu. An ce ta karanta, ta ce to, ta wanke tukunyar kunu da matacin ta kife, ta nuna wa Hajiya Babba inda magunguna suke, ta fita.

Abin da ta roƙa ke nan, ko ba haka ba? Kwalkwalawa, ɗakin Innarta. Ga shi na samo mata. Kwana uku ta ce, yau wata biyu.

Na yi ta zuwa shago ina taka keke kamar ba komai. Masu benci suka ce Tela ya lafiya, labari ya ƙare ne? Na ce mura nake. Na ɗinka wa wani hannun riga a wuya, abin da ban yi ba tun ina koyo. Makon jiya na raka Yaya Malam asibiti a duba shi, aka ɗora shi a sikeli, likita ya ɓata rai ya ce nauyinsa na raguwa, bakin kuma ba a wanke shi yadda ya kamata. Nas ɗin nan dattijuwa ta duba bayanmu ta ce, "Ina matar?" Hajiya Babba ta ce ta yi tafiya. Nas ta kalle ni, ni kaɗai, ta ce, "Ƙarfen?" Ban san inda zan sa fuskata ba. Ta ce mana sau da yawa bayan an gama magani ne mai jinya ke zubewa, lokacin da kowa ya koma harkarsa ana cewa an warke. Ni na san tamu ba zubewa ta yi ba, ture ta aka yi.

Daga nan ban koma shago ba, na hau kabu-kabu zuwa Kwalkwalawa. Tun a hanya nake shirya abin da zan faɗa ta yi dariya, kun ji hali. Na yi sallama, tsohuwarta ta fito, ta shimfiɗa mini tabarma a zaure. Kafin ta kira ta, ta rage murya ta ce, "Ɗana, mi anka yi ma yarinyar ga a birni? Ba ta ci, ba ta magana. Ko akuya ta yi tari sai ta zabura ta ce Malam na kira." Ta koma ciki ta kira ta.

Hassi ta fito da hijabi har ƙasa. Na buɗe baki zan ce Bakauya, sai ta durƙusa nesa da tabarmar ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. An zo lahiya? Ya iyali?" Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa durƙusa mini ba, ba ta taɓa ce mini Malam ba. Da ta ɗauko muciya ta rafka mini da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Lafiya lau. Ya gida?"

Ta ce, "Ya mai jiki? Shina sha?"

Na ce yana ɗan sha.

Ta ce, "Ka ce ma Hajiya ta bar sa mashi citta da tsamiya, tun da anka yi gashi suna ƙona shi, ba ya hwaɗi ba ne. Kuma ta riƙa ɗiga kunun a bayan hannunta tukuna, gefen nan ba ya jin zahi, sai ya sale bai sani ba. In ya gama a zaunar da shi, kada ya kwanta, shina shaƙewa."

Na ce to. Kaji na ta tono a gabanmu. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Maganar da nig gaya maka gindin iccen nan, haka na hwaɗe ta?"

Na ce, "Hassi, wallahi wasa nake."

Ta ce, "Na sani. Ni ce ban yi wasa ba."

Ba ta zage ni ba, ba ta ce in je in gyara ba, ba ta ma ce ta yafe ko ba ta yafe ba. Ta tashi ta shiga ciki, ta fito da ƙullin leda, garin gero ne na gonarsu, ta surfa ta wanke ta niƙa ta tankaɗe har ya yi laushi kamar hoda. Ta ce, "Wanga ba ya da tsaki, shi ya hi wuce mashi. Ba sai ka ce daga ina yake ba, in ya ji ni ce ba ya sha." Na karɓa. A kan babur ɗin dawowa mai kabu-kabu ya yi ta tambayata ko ƙura ce ta shiga mini ido.

To ga inda nake. Hajiya Babba ta tara mu ta ce zaman ya isa haka, ba a barin aure a rataye, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a zauna a gidan Yaya Malam, tunda ba ya iya furta saki sai ya rubuta. Kuma ta ce lallai in zo, ni ne shaida. Ni.

Na san za ku ce ka je ka faɗi gaskiya mana, me ke da wuya? Ni ma haka nake ce wa kaina in ina wanka. Amma in na ce ƙarya na yi, zai rubuta mini, to me ta ce? Yaya Malam ba a yi masa kwana-kwana. Sai na gaya masa cewa amai ya taso mata da gaske, cewa ta so ta tafi kwana uku da gaske. Sirrin da ta ba ni riƙo in sake kwance shi karo na biyu, wannan karon gaban mutumin da ya fi kowa jin ciwonsa. Zai gane cewa gajiya ce ta wadda ta yi wata biyar tana shan ragowar kununsa? Ko abin da zai ji kawai shi ne matarsa ta yi ƙyamarsa? Kuma mutumin da ya san ni da ƙarin gishiri tun ina yaro, in na zo yanzu na ce wancan ƙarya ne wannan ne gaskiya, da wane baki zai yarda da ni? Hajiya Babba cewa za ta yi an saye ni da garin gero. In kuma na fara komawa wurin Hassi neman izini, anya ba wani nauyin zan sake ɗora mata ba, ita da ko cokali ba ta iya ɗagawa ta ci?

Shekaranjiya na je duba shi, na zauna ban ce komai ba. Ya kalle ni ya rubuta, "Yau ba labari? Kai kaɗai ke sa ni mantawa." Na yi ƙoƙari wallahi, na fara ba shi labarin wani ɗan kasuwa, na kai tsakiya na manta ƙarshen. Hajiya Babba ta shigo da kunu yana tururi, ƙamshin citta ya cika ɗakin, na ga ya runtse ido yana haɗiya, ban iya cewa komai ba don za a tambaye ni wa ya gaya mini.

Garin geron yana nan cikin shagona, ƙarƙashin keken ɗinki, na rufe shi da ƙyalle. Na kasa kai shi, na kasa mayar mata. Yau Talata, saura kwana uku a miƙa wa yayana biro, ni kuma a ce in maimaita abin da na ji.

Don girman Allah, musamman ku da kuka taɓa yin jinya kuka san abin da ke cikinta, ku gaya mini ta inda zan fara da kuma kalmomin da zan faɗa masa. Me zan yi?